Ƙanin Miji a Tagar Biza

A gidanmu na Filinge ba wanda ya taɓa tambayata ko da gaske na yi aure. An raba goro, an shafa fatiha, an kai ni ɗaki, magana ta ƙare. Sai da na je Yamai neman bizar bin mijina ƙasar Turawa na tarar ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan tun safe har yamma, su leƙa auren mutum ta bayan gilashi su ce ba su yarda ba.

Mijina ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana. Ya girme ni sosai, kuma tun ina ƴar lakkol, wato makarantar boko, ya bar ƙasa, yana can yana gyaran manyan motoci. Ni kuma na gama karatu na zama malama a makarantar unguwarmu. Da maganar aure ta taso ba wanda ya matsa mini. An tambaye ni, na sunkuyar da kai na yi irin shirun da kowa ya san fassararsa. Ina son shi tun lokacin, sai dai ba abu ba ne da ake faɗa da baki a gidanmu.

An sa rana daidai da hutunsa, sai wurin aikinsa suka ɗaga masa hutun. Dangi sun riga sun iso daga Bonkuku da Sanam, an dake gero, an sayo rago, ba wanda zai ce a fasa. Ɗaurin aure kuwa ba ya jiran ango, aikin waliyyai ne. Da yamma ta yi, mata suka taru, mai hoto ya zo ya ce shi ba ya ɗaukar amarya kusa da kujera wayam. Nan aka kamo ƙanin mijina aka zura masa farar babbar riga aka zaunar da shi gefena, ya washe baki kamar shi aka yi wa kyautar. Mijina ya iso bayan an watse, muka je meri, ofishin magajin gari, aka rubuta auren, ya yi hutunsa ya koma. Hoton da muke ciki mu biyu ɗaya ne tak, na taron dangi, shi yana can ƙarshe cikin maza, ni ina nan ƙarshe cikin mata, mutane fal a tsakaninmu.

Ƙanin nan nasa sa'ana ne, tare muka tashi, tumaki yake saye a ƙauyuka ya kai kasuwar Baleyara. A wajenmu ƙanin miji abokin wasan matar wansa ne, ba ya ganinta ya wuce bai tsokane ta ba. Shi kuma nawa Allah ya ba shi baki. Tun daga zaure zan ji shi yana cewa, "Ina matata? Mijinki ya dawo, ba ko ruwa?" In ce da shi, "Miji da warin awaki? Je ka wanko tukuna." Duk ranar kasuwa sai ya taho mini da cuku a takarda ya ce cefanen matarsa ne. Gwaggo, wadda nake zaune a gidanta, tana ji tana dariya har da share hawaye. Wasan nan shi ya riƙe ni a gidan lokacin da ɗakina ya yi mini faɗi.

Mijina kuwa mutum ne mai nauyin baki. Sunan babana aka sa masa, saboda haka ban taɓa furta sunansa ba, ko kafin aure. Gwaggo ma ba ta faɗa, ɗan fari ne. A gidan in an ce "shi" kowa ya san wanda ake nufi. Saƙonsa na waya kullum safe iri ɗaya ne: Ina kwana. Ya gida. Ya jikin Inna. A gaida kowa. Inna yake kiran Gwaggo. Ni kuma in mayar masa da irinsa. Ban taɓa jin ya gaza mini ba, don na san tun asubar can yake tashi cikin sanyi ya rubuto.

Da lokacin haɗa dosiye, wato takardun neman biza, ya yi, na je wurin wani mai buga takardu a Yamai wanda aka ce ya san kan abin. Ya ce takardar meri kaɗai ba ta isa, sai an nuna auren yana da rai, a kawo hotuna da hirarraki na waya. Na dawo gida na zauna da Gwaggo a tsakar gida ina karanta mata saƙonnin ɗanta. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Wanga ai gaisuwa ta, ko liman shina yi miki ita," in ji ta. "Ki sa na ƙaramin. Duk wanda yag ga yadda ƙanen miji ka yi ma mace wasa ya san ta zamna gida."

Wallahi ni ma haka na gani. Auren bogi ina zai sami ƙanin miji? Na shiga zauren hirar dangi na waya, inda dukanmu muke har da mijina, na kwaso duk tsokanar da ke ciki. Na sa hotunan biki a sama. Aka fassara komai da Faransanci, na karanta na ga inda aka rubuta matata, mijina, na yi dariya na ce Turawa ma yau za su sha wasa. Ni da nake koya wa yara karatu, ko kusa ban hango komai ba.

Ranar ganawa na shiga ofishin jakadancin da sabon lesi, ina da ƙarfin gwiwa. Matar da ke bayan gilashin ba ta da laifi a fuska, har murmushi ta yi mini. Ta ce in faɗi cikakken sunan mijina. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ba mantawa na yi ba, sunan ubana ne, yaya zan manta? Sai dai bai taɓa bi ta bakina ba. Na nuna mata takarda na ce ga shi nan a rubuce. Ta ce ta gani, daga bakina take son ji. Na faɗa can ƙasa, ina jin kamar na tuɓe kallabi a kasuwa. Ta rubuta wani abu.

Sai ta ɗago hoton biki ta manna a gilashi ta ce, wannan ne mijinki? Na ce a'a, ƙaninsa ne. Ta ɗago na biyu, shi ne dai. Na uku ma shi ne, yana miƙa mini kofin lemo. Ta ce ina mijin? Na ce bai samu zuwa ba. Ta buɗe hirarrakin ta karanta mini da muryarta, ba dariya ba komai: Matata, yau na yi kewar tuwonki. Ta ce wa ya rubuta? Na ce ƙanin. Ta ce, ke kuma kika amsa masa da mijina na kaina?

Na yi bayani iya yina. Na ce al'ada ce, na ce wasa ne, na ce ko gaban uwarsu muna yi. Ina magana ina jin yadda kalmomin suke fita da Faransanci tsirara, ba gishirin da suke da shi a tsakar gidanmu. Ta ce in gaya mata abin da mijina yake karyawa da shi da safe. Ban sani ba. Ta ce ƙanin fa? Kafin in yi tunani na ce fura da sauran tuwon jiya. Ta sake rubutawa, ta ce za a neme ni.

Amsar ta ɗauki watanni, da ta zo kuma gajeriya ce. An hana, saboda ana shakkar gaskiyar auren. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Na zagi gilashin da matar da mai buga takardu, na kwana biyu ko yaran ajina ba su ga haƙorina ba. Amma a raina na ɗauka abin tsakaninmu ne da baƙi waɗanda ba su san mu ba. Ban san zargi yana iya shigowa mota ya biyo mutum har gida ba.

Mijina ya kai takardar wurin wata lauya a can. Ita ta fassara masa abin a fili, cewa suna zaton ni matar ƙanin ce, an rubuta ni da sunan wan don a samu hanyar shiga ƙasar. Ya ce in tura masa duk abin da na kai, na tura. Safiyar da ta biyo baya ba saƙo. Wadda ta biyo ta ma haka. Da ya kira, bai tambayi jikin Inna ba.

"Na karanta," ya ce. "Dut na karanta."

Na ce, "Ai kana cikin zauren, gabanka aka rubuta su."

"Awo, ina ciki. Amma ban taɓa ganinsu wuri guda ba. Suna da yawa."

Can ya ce, "Mi yas sa ni ba ki taɓa ce min hakanan ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da aka haifa a ɗakin da ke kallon nawa, wanda da idona na ga yana tsokanar matan yayyensa na dangi kafin ya tafi, yau shi ke tambayata da bakin matar gilashi. Na ce, "Kai mijina na, shi abokin wasa na. Ko can an mantar da kai?" Ya ce ba haka yake nufi ba. Ban tambaye shi abin da yake nufi ba, don ina tsoron ya faɗa.

A Filinge kuwa magana ba ta kwana a gida ɗaya. Ban san wanda ya fitar ba, kuma wannan ma ya zame mini abin tuhuma, na riƙa kallon ƙawayena ɗaya bayan ɗaya ina auna wa na gaya wa me. Wurin awon gero wata ta ce mini, "An ce Turawa na da na'urad da ka gane gaskiya, ko?" tana murmushi. Wata a makaranta ta ce su dai ba sa hana mutum haka kawai. Mutanen da suka yi guɗa ranar da aka zaunar da shi a kujerar ango, su ne yanzu suke tuna cewa lalle ya cika fara'a a ranar.

Ƙanin ya ji, ba wanda ya gaya mini yadda ya ji. Ranar kasuwa ya dawo daga Baleyara ya yi sallama a zaure kamar baƙo. Ya gaida uwarsa, ya juyo wajena idonsa a ƙasa ya ce, "Ina wuni, matat yaya." Cukun ya miƙa wa Gwaggo. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran ya fashe da dariya ya ce ya kama ni, bai yi ba. Daga ranar bai ƙara shigowa tsakar gida ba in ba uwarsa tana zaune.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni kaina na fara. Sai in kwanta in ce, to me ya sa ya daina lokaci guda haka, in da wasa ne zalla? Sai in tuno wata magana da ya taɓa yi in juya ta sama da ƙasa ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Ba komai a ƙarƙashinta, na sani, amma sai na duba. Gwaggo ma ta rage dariya. Wata rana na ɗago kai daga wanki na ga tana kallona, kallon da ban san shi ba, da muka haɗa ido ta ce in miƙo mata buta.

Lauyar ta ce a sake nema, amma a gina shaida sabuwa. Ta ba mijina tsari, shi kuma ya karanto mini. Kullum a yi saƙo mai daɗi. A yi kiran bidiyo a ɗauki hoton fuskokin biyu. In ya zo hutu a yi hotuna, a kusa da juna, ana dariya. A koyi abin da kowa yake ci da abin da yake so. Washegari da safe wayata ta yi ƙara, na duba na ga an rubuto: Masoyiyata, na kwana ina tunaninki.

Na daɗe ina son jin irin wannan daga gare shi, ban ɓoye ba. Amma da ya zo sai na ji kamar an ba ni zanen aro. Na karanta na sake karantawa ina tambayar kaina, ni aka rubuto wa ko matar gilashi? Shi ya tsara ko lauyar? Na mayar masa da nawa, na kira shi da abin da ban taɓa kiransa ba, kuma na san shi ma can yana riƙe da waya yana irin wannan tambaya. Haka muka yi ta yi wata da watanni. Wani lokaci maganar takan fito mini daga zuci da gaske, sai in ga ba ta da bambanci da sauran a kan allon waya, in ji takaici ya kama ni.

Da damina ya zo hutu. Kafin ya iso ƙanin ya ce zai tafi wajen Sanam sayen tumaki, bai dawo ba sai ana jibi wan zai koma. Mutanen gari suka ce gudu ya yi. Ni na ce kunya ce, amma ban rantse ba. Hotunan kuwa ba a yi su cikin gida gaban Gwaggo, sai muka fita bayan gari wajen duwatsu, inda gero ya yi tsawo ba mai ganinmu. Ba mu nemi mai ɗauka ba, shi ya miƙe hannu da wayar. Ya ɗora ɗaya hannun a kafaɗata ya ce in yi dariya. Hannun ya yi nauyi, ban sani ba ko rashin sabo ne ko wani abu. Muka canza wuri, na canza mayafi don a ga kamar rana daban ce. Muna dawowa ta cikin gonaki ya ce da safe shayi yake sha da burodi, ba ya sa madara, in riƙe. Na ce na riƙe. Maganar ƙanin bai tayar ba har ya tafi, ni ma ban tayar ba.

Ganawa ta biyu wani namiji na tarar a tagar. Na faɗi sunan mijina da ƙarfi ba ko gargada, na riga na yi ta maimaita shi a ɗaki ni kaɗai har ya daina yi mini nauyi, kuma ban ji daɗin dainawar ba. Mutumin ya duba hotunan bayan gari, ya duba saƙonnin, ya gyaɗa kai. Ya ce me mijina yake karyawa da shi, na ce shayi da burodi, ba madara. Ba a jima ba aka kira ni in zo in karɓi fasfo, biza tana ciki. Na tsaya a bakin titi ina kallonta. Na yi murna, ƙarya ne in ce ban yi ba. Sai dai na kasa mantawa cewa abin da muka kai na gaskiya shi aka ce ƙarya ne, wanda muka shirya a cikin gero kuma shi aka sa wa hatimi.

Na kira mijina na gaya masa, ya yi ta hamdala. Na koma Filinge haɗa kaya da sallama. A hanya abu ɗaya nake tunani, gobe da safe me zai rubuto, yanzu da ba mai karantawa sai ni.

Da safe saƙon ya zo: Ina kwana. Ya gida. Ya jikin Inna. Ina ganinsa hawaye suka zubo mini, na ce yau ga mijina ya dawo. Kwanakin da suka rage duk haka ya riƙa rubutowa, ni kuma ina mayar masa da irinsa, hankalina kwance. Sai ranar tafiya, ina ɗaure bakin jaka, na ga ya ƙara layi ɗaya a ƙasan gaisuwar: Ki ce ma mijin naki shi kai ki tasha, kayan na da nauyi.

A shekarun baya da na yi dariya na karanta wa Gwaggo, ita ma ta yi. A ranar sai na zauna bakin gado da wayar a hannu. Wasa ne yake mayar mana da shi, yana cewa komai ya wuce? Ko kuwa abin yana nan a ransa, ya bari sai yau ya soka mini? Na nemi alamar dariya a ƙarshen layin, babu. Amma shi dama bai taɓa sa irin waɗannan alamomin ba sai lokacin lauya.

Ban isar da saƙon ba. Ƙanin da kansa ya zo, ba wanda ya aike shi, ya ɗora akwatina a ka har tasha. Ya sa aka ɗaure shi a saman mota, ya ja igiyar ya tabbatar, ya samo mini wuri kusa da taga. Da direba ya tayar da mota ya zaro wani ƙunshin takarda daga aljihu ya miƙo ta tagar, na ji ƙamshin cuku. Na ce a raina yanzu zai ce matata, ko sau ɗaya, ko a hankali. Na buɗe baki in riga shi, in ce masa miji da warin awaki, sai na ga matar da ke kusa da ni, ƴar unguwarmu, ta zuba mana ido. Na haɗiye.

"Allah shi kiyaye hanya, matat yaya," ya ce. "Ki gaishe shi."

Mota ta fita gari, cuku yana kan cinyata, waya tana hannuna. Har muka wuce Baleyara ina karanta layin nan ina sakewa. Yanzu ina zaune da mijina a ɗaki guda, ni nake dafa masa shayin, ba madara, kuma lafiya muke zaune. Sau da yawa in muna karyawa nakan ɗago kai in tambaye shi abin da yake nufi a ranar, sai in ga shi ma ya ɗago kamar mai shirin tambaya. Sai ɗayanmu ya ce a miƙo sukari.